Yadda ake shirya tafiyar hunturu da abokai don hawan keke a hamadar Amurka

Daga Disamba zuwa Fabrairu, masu hawan keken duwatsu a yawancin jihohin Amurka da Kanada jingine kekunansu suke yi a gareji, saboda dusar ƙanƙara ta binne hanyoyin daji ko ta mayar da su taɓo. Waɗanda haƙurinsu bai kai su jira wucewar sanyi ba sukan haɗa kai, su ɗaure kekuna a bayan mota, su nausa kudu maso yamma zuwa hamadar Arizona da kudancin Yuta da Nebada. A watannin zafi yankin ba ya shiguwa. A 2023 birnin Phoenix na Arizona ya jera kwana 31 kullum zafin rana na kaiwa digiri 43 ko fiye. Amma a Janairu, da tsakar rana digiri 19 zuwa 20 ne, sama garau, ƙasa a bushe. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a can, ko wanda ya je ziyara yana da mako guda a hannu, ga yadda zai ɗauko abin daga tushe.

A fara da sanin abokan tafiya

Mutum huɗu ya fi daidai. Mota ɗaya ta ɗauke ku, ɗaki biyu ya ishe ku, kuma in wani ya faɗi ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman agaji. Da kun kai shida sai mota biyu, kuɗin mai ya ninka, kowace safiya kuma a yi ta jiran wanda bai ga safarsa ba.

Kafin a sa rana, ku zauna kowa ya faɗi gaskiyar iyawarsa. Nan ne gizo ke saƙa, don ba wanda ke son ya ce a gaban abokai shi ne kurar baya. Manhajojin Trailforks da MTB Project sun raba hanyoyi da launi: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi mai wuya. Sai dai shuɗin hamada yakan fi shuɗin wasu wurare duwatsu da tsanani. Ku tsara kwanakin bisa ƙarfin wanda ya fi kowa rauni, gwanaye su ƙara nasu zagayen da yamma in suna da sauran numfashi.

Ku naɗa madugu ɗaya mai duba yanayi da taswira, wanda in ya ce yau ba za a hau wuri kaza ba an gama magana. Ku naɗa ma'aji, a yi karo-karo tun kafin tashi, mai da masauki da cefane duk su fita daga hannunsa. Ba abin da ke ɓata zumunci a hanya kamar lissafin wa ya biya wancan gidan man.

A zaɓi wuri da tsayinsa daga teku

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan tafiyar, kuma a nan sababbi suka fi yin kuskure. Suna ganin hotunan jajayen duwatsun garin Moab na Yuta sai su ce can muka nufa. Hamadar Amurka hawa-hawa ce, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Phoenix na kan mita 330 ne kawai. Las Vegas kusan 600, Tucson kusan 730, St. George kusan 800. Moab ta kai 1,200 kuma ta fi su shiga arewa sosai, Sedona 1,300, Gooseberry Mesa kusan 1,600, Flagstaff 2,100. Tafiyar awa biyu a mota na iya ɗauke ka daga inda ake yawo da riga mai gajeren hannu zuwa inda ake kwashe ƙanƙara da shebur.

Saboda haka ni ina cire Moab daga lissafin Disamba da Janairu. Dare yana sauka ƙasa da sifili, kuma ƙanƙara na maƙalewa a falalen dutsen da rana ba ta taɓawa. Shahararriyar hanyarta Slickrock, mai kilomita 17, wadda masu babur suka fara shatawa a 1969, hawa da gangara ce a kan dutse tsantsa, ƙanƙara kaɗan ta isa ta zame da mutum. Hanyar Whole Enchilada kuwa tana kaiwa mita 3,400 a tsaunukan La Sal, samanta a rufe yake duk hunturu. A bar Moab sai ƙarshen Maris ko Oktoba.

Zagaye biyu ne suka rage. Na kudu shi ne Phoenix da Tucson, a ƙara da Sedona in yanayi ya yarda. Tsakanin Phoenix da Tucson kilomita 180 ne a kan babbar hanya I-10, Sedona ma kusan haka take ta arewa a kan I-17. Na arewa kuma ana sauka Las Vegas, a hau Bootleg Canyon a Boulder City da hanyoyin Blue Diamond, sannan a bi I-15 awa biyu zuwa St. George da Hurricane a Yuta, inda hanyoyin JEM da Hurricane Rim da Gooseberry Mesa suke. Mai bin wannan ya tuna da zarar ya bar Nebada agogo ya ƙara awa ɗaya.

In wannan ce tafiyarku ta farko, ku ɗauki na kudu. Kada kwaɗayi ya sa ku haɗa biyun a mako ɗaya, domin tsakanin Phoenix da Las Vegas kilomita 480 ne, yini guda kenan ya tafi a kujerar mota.

Tsarin kwanaki kuma daga sauƙi ake hawa. Ranar farko a je McDowell Mountain a zagaya Pemberton, kusan kilomita 25 ba tsanani, ko Brown's Ranch a Scottsdale, jiki ya saba da tsakuwar da ke zamewa a kwana. Washegari South Mountain, filin shaƙatawa mai eka 16,000 a cikin birnin Phoenix: Desert Classic ga kowa, National ga wanda ya amince da kansa a matakalar duwatsu. Sai Hawes a Mesa. A Tucson a fara da Sweetwater Preserve, a bi da Starr Pass. Sedona a bar ta ƙarshe, ranarta ba kafaffiya ba. Bell Rock Pathway da Slim Shady da Mescal sun isa su nuna maka abin da ake yabo. Hiline da Hangover suna bin bakin ramin da faɗuwa a cikinsa ba ta da gyara, ba wurin gwada jarumta ba ne. Ku sa ranar hutu ɗaya a tsakiya, don a rana ta huɗu ne cinyoyi da tafin hannu ke fara ƙorafi.

Batun lokaci: daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ana babbar kasuwar duwatsu masu daraja a Tucson, otal ya yi tsada ya yi wuyar samu. Phoenix ma daga ƙarshen Fabrairu takan cika da masu kallon atisayen ƙungiyoyin ƙwallon baseball. Farkon Disamba da tsakiyar Janairu sun fi sauƙi ga aljihu.

Mota

A-kori-kura mai ƙofa huɗu ta fi komai. Ana shimfiɗa katifar kariya a murfin bodi, a rataya kekuna huɗu ko biyar, tayar gaba tana leƙo waje. In ƙaramar bas ce ta iyali, a kwantar da kujerun baya, a cire tayoyin gaba, a sa tsohon bargo tsakanin keke da keke. In kun cire taya, ku cusa ɗan kwali tsakanin takalman birki, don in wani ya matsa hannun birki ba faifai a ciki, haɗewa za su yi.

Masu ɗaukar motar haya su karanta takardar da kyau. Yawancin kamfanoni na ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba, kuma da yawansu sun hana bin hanyar da ba kwalta, wato in mota ta lalace a can inshora ba ruwanta. A rubuta sunan direba biyu aƙalla. Mai kuwa, da tanki ya kai rabi a wajen gari a cika.

Kada ku bar kekuna a bayan mota su kwana a harabar otal, ko da sarƙa da kwaɗo. A shigar da su ɗaki. Wanda ba shi da keken kirki ya yi haya, akwai shaguna a Phoenix da Tucson da Sedona da Hurricane, amma ya kama tun da wuri, ya tafi da fedarsa da sirdin da ya saba da shi. Mai keken lantarki ya bincika tukuna, hanyoyi da yawa sun haramta shi, jirgin sama kuma ba ya ɗaukar batirinsa.

Keken kansa

Mako biyu kafin tafiya a kai shi wurin mai gyara: takalmin birki, sarƙa, shokozoba, waya ko man birki. Mako biyu, don in akwai abin da za a yi oda ya iso.

Taya ita ce babbar magana. Wanda ya shiga hamadar Arizona da tiyub zai yini yana faci. Komai na wurin ƙaya gare shi, kuma tsidau ɗin nan da ke huda ƙafar yara a ƙasar Hausa ya bazu a can ma, musamman a bakin titi da wuraren ajiye mota. Dole taya ta zama tubles, wato marar tiyub a ciki, mai kaurin gefe, a zuba mata sabon ruwan faci kwana kaɗan kafin tashi. Ruwan bushewa yake yi cikin 'yan watanni, a busasshiyar iska ma ya fi saurin ƙafewa. Ka cire taya ka girgiza ta kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba, babu shi. Iska kuma kada ta yi yawa. Ga mai matsakaicin nauyi, fam 22 zuwa 24 a gaba da 25 zuwa 28 a baya wuri ne mai kyau na farawa. In ta yi tauri keke zai riƙa tsalle a kan duwatsu, in ta yi laushi rim ya daki dutse ya lotsa.

Idan ƙaramar ƙaya ce, za ka ji tsit-tsit, ka ga farin ruwa yana fesowa a ƙafarka. Kada ka tsaya, ci gaba da juya taya, cikin daƙiƙa kaɗan ramin ya toshe. Idan dutse ne ya yanka, sauka ka juya ramin sama ka danne da yatsa, ka zura igiyar faci a bakin allurarta, ka soka ta har kusan rabi ta shige, ka zare allurar a hankali igiyar ta zauna. Juya ramin ƙasa ruwan ya taru a kansa, sannan ka buga famfo. Ka gwada wannan a gida a tsohuwar taya, kada ranar farko ta zama a daji rana na faɗuwa.

Kowa ya riƙe a jakarsa: famfo, igiyar faci, tiyub ɗaya na ko-ta-kwana, alanki, mahaɗin sarƙa daidai da giyarsa, salatif. Sai abu ɗaya da ake yawan mantawa, ɗan ƙarfen da ke riƙe na'urar sauya giya a jikin firam. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye in dutse ya bugi wurin, kuma kowane keke da irin nasa, ba lallai shagon ƙauye ya ajiye naka ba. Saya ɗaya ka jefa a jaka. Man sarƙa a ɗauki busasshe, mai danƙo ƙura yake tarawa.

Sutura, ruwa da guzuri

Wanda ya san sanyin hunturu a Kano ko Damagaram ya san yanayin: asuba da jaura, hantsi da daɗi, leɓe na tsagewa, fata na fari. Bambancin kawai babu hazo. A sa kaya kashi-kashi, riga mai tsotse gumi a ciki, mai ɗumi a kai, sai 'yar shara mai tare iska wadda za a naɗe a jaka in rana ta ɗaga. Hular kwano ba a tattauna ta. Safar hannu mai rufe yatsu, tabarau, makarin gwiwa, da man kaɗanya don leɓe da hanci.

Ruwa shi ne abin da sanyi ke yaudarar mutum a kai. Gumi na bushewa kafin ka gan shi, ƙishirwa ba ta damunka, sai ciwon kai da yamma. Kowa ya goya lita 2 zuwa 3 a duk fita, a ajiye babbar jarka a mota domin wuraren farawa da yawa ba famfo. Ƙa'idar da nake bi: in rabin ruwanka ya ƙare, juyawa ta zo, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba.

Guzuri ba sai an sayi na kanti mai tsada ba. Dabino da gyaɗa mai gishiri da ayaba sun wadatar, kuma dabinon Majul ana noma shi a nan kusa, wajen Yuma. Mai tasowa daga gida Najeriya ko Nijar kada ya sako kilishi ko dambun nama a akwati, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma rashin bayyana shi na jawo tara. Akwai shagunan naman halal a Phoenix da Tucson, a yi cefane a can.

Masauki

Ana iya kafa tanti kyauta a yawancin filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, har kwana 14, filayen amanar jihar Arizona kuma sai da takardar izini. McDowell da Tucson Mountain Park suna da sansanin kwana na kuɗi, sai dai cika suke yi da wuri. Amma a Disamba dare awa 14 ne, ga sanyi. Ga mutum huɗu, gidan haya mai kicin da injin wanki da gareji ya fi, in aka raba kuɗin ba ya wuce na otal. Ku kama wanda za a iya sokewa ba asara, musamman na Sedona.

Ranar hawa

A ƙarshen Disamba rana na fitowa a Phoenix wajen 7:30, ta faɗi kafin 5:30. Fita tsakanin 9 da 10 ya fi, a yi niyyar dawowa mota kafin 4, kowa da tocila a jaka duk da haka. A sauke taswirar a waya tun a gida don sabis yankewa yake yi a kwaruruka. A kowace mararraba na gaba ya tsaya har na baya ya iso, kuma a bar shi ya huta shi ma, ba yana isowa a zabura ba.

Ga masu salla, alƙibla a Arizona arewa maso gabas take, kusan digiri 30 daga arewa, ba gabas sak ba yadda aka saba a gida. Azahar da La'asar kusa suke da juna a wannan lokacin, a tsara su da hutun cin abinci. Ranar Juma'a ta dace da ranar hutu, akwai masallaci a Tempe kusa da Phoenix, akwai kuma a Tucson kusa da Jami'ar Arizona.

Ladabin hanya: mai keke ke ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya, mai gangara kuma ya kauce wa mai hawa. In ka ga doki, tsaya ka yi magana da mahayin don dabbar ta gane mutum ne. Kada taya ta bar hanya. Baƙin ɓawon da ke saman ƙasa, musamman a Yuta da Sedona, halittu ne masu rai da ke riƙe ƙasar kada iska ta kwashe ta, sawu ɗaya na iya ɗaukar shekaru masu yawa bai warke ba. Wuraren da dokar 1964 ta keɓe a matsayin daji tsantsa ba a shiga da keke sam.

Sai murtsunguwar da ake kira cholla. Gaɓoɓinta kamar ƙananan ƙwallaye suke, da ɗan gogawa suke ɓallewa su manne a ƙwauri, kuma ƙayarta na da ƙugiya a baki. Abin da hannu zai fara yi shi ne kai mata cafka, sai ta koma tafin hannu. Kada ka taɓa. Ɗauko babban mataji, ka zura haƙoransa tsakanin fata da ƙwallon, ka tabbata ba kowa a gabanka, ka fizge da ƙarfi sau ɗaya. Sauran ƙayoyin a bi su ɗaya-ɗaya da matsefata. Mataji da matsefata su zauna a aljihun jaka na waje. Macizai masu ƙararrawa a wutsiya yawanci a ɓoye suke da hunturu, amma rana mai ɗumi na fito da su, don haka a duba kafin a zauna a kan dutse.

Idan aka yi ruwa

Ruwan hunturu a hamada ba ya da yawa, amma in ya zo yakan kwana biyu. Ƙasar Phoenix da Tucson tsakuwa ce mai shanye ruwa, yini ɗaya ko biyu ta koma daidai, har ta fi daɗin riƙe taya. Kudancin Yuta da wasu sassan Sedona yumɓu ne. Mita ɗari na farko za ka ga kamar ba komai, sai taya ta fara yin ƙiba, yumɓun ya cika tsakaninta da firam har ta daina juyawa, ka koma ɗaukar keken da nauyinsa ya ninka, takalmanka ma kowanne da nasa tubalin. Sawun da ka bari kuma zai bushe ya daɗe yana ɓata wa mutane hanya, mazauna wurin ba sa yafe wannan. Hanyar motar da ke hawa Gooseberry Mesa ma haka take, in ta jiƙe har mota mai jan ƙafa huɗu tana maƙalewa.

To in madugu ya ga hadari a hasashe, a sauya tsari ba gardama: a gangara ƙasa, a yi kudu. Kira shagon kekuna na garin da safe ka tambaya wace hanya ce ta bushe, sun fi kowace manhaja sani. Kada a tsaya ko a kafa tanti a busasshiyar ƙorama, ruwan da aka yi a tsauni mai nisa na iya isowa ba gargaɗi. Kada kuma a tsallaka titin da ruwa ya rufe. Arizona na da dokar da ke ba da damar a caji direban da ya kauce wa shinge ya shiga ruwa kuɗin ceto shi. Mai niyyar bi ta Flagstaff ya duba halin hanya tukuna, dusar ƙanƙara na sa a rufe I-17 da I-40.

Rauni da komawa gida

Lambar gaggawa 911 ce, ka ba su sunan hanyar da lambobin wurin da ke kan taswirar wayarka. Inda ba sabis, na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach na aiki, haka wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama. Wanda ya bugu a kai, ko ya ce lafiyarsa lau, hawansa na ranar ya ƙare. Baƙo daga waje ya sayi inshorar lafiya ta tafiya, ya tabbata ta haɗa da hawan keken duwatsu, don asibitin Amurka ba wurin shiga hannu wofi ba ne.

Ranar ƙarshe a zaɓi gajeriyar hanya mai sauƙi, gajiya da ɗokin "bari mu yi na bankwana" su ke kayar da mutane. A wanke kekuna, a bi tayoyi da filaya a zare ƙayoyin da suka karye a ciki, a ƙara ruwan faci domin ramukan da za su buɗe. A share motar haya, a cika mata mai kafin a mayar. Ma'aji ya karanta lissafi tun ana tare a mota, ya mayar wa kowa canjinsa kafin a isa filin jirgi.